Sawun Ƙafa Ɗaya a Bayan Firji

Ɓera bakwai aka tarar a mace da safiyar Litinin, kuma kafin a ɗora shayin ƙarfe tara kowa a cibiyar binciken ya riga ya yanke wa Sarkin Ɓera hukunci.

Wani zai ce to sai me don ɓera ya mutu, mu da muke ɗana masa tarko a gida? Ai waɗannan fararen ba na rami ba ne. Wata tara ana yi musu allurar mofin, maganin nan mai kashe zafin ciwo, safe da yamma har ranar Lahadi, don a ga abin da yake yi wa jiki in an daɗe a kansa. Saura kwana uku a ɗebi jininsu na ƙarshe. Aikin Farfesa na shekara biyu ke nan ya bi ruwa.

Sarkin Ɓera dattijo ne, shi ke ba su abinci da ruwa, can ya samo sunan. Da aka buɗe akwatin kayansa sai ga ƙullin maganin ɓera. Shi ke nan fa, biri ya yi kama da mutum. Masu shara da direbobi suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa, kowa da nasa.

"Ranar Alhamis na ji suna cacar baki da Farfesa."

"Irin masu shiru-shirun nan ai sai a hankali."

"An kira Sufeton 'yan sanda. Ƙarfe huɗu zai zo ya tafi da shi."

Maigadi yana zaune a kan bencinsa yana jin su. Mai-sawu ake ce masa, don shekara talatin ya yi yana bin sawun ɓarayin shanu a daji kafin gwiwa ta ajiye shi. Shekara goma sha ɗaya suna cin abincin rana a kwano ɗaya da Sarkin Ɓera. Ya dafa sandarsa ya miƙe, ya nufi ofishin Farfesa.

"Ranki ya daɗe, a ba ni zuwa ƙarfe huɗu in duba ƙasan ɗakin nan."

Farfesa ta ɗago jajayen idanu ta dube shi. "Baba, siminti ne fa. Kuma duk mai shiga takalmin roba iri ɗaya yake sawa."

"Takalmi ai ba shi ke tafiya ba, mutum ne."

Ta ɗauko makulli.

* * *

Ɗakin ɓerayen dogo ne, taga ɗaya, ga warin dusar katako da fitsari. A bakin ƙofa akwai tire na ruwan magani da kowa ke taka kafin ya shiga. In ruwan ya bushe a ƙasa sai ya bar fari kamar alli. Mai-sawu ya tsaya a nan, ya ji wani daɗi ya taso masa duk da baƙin ranar, don ƙasan cike take da sawu, wani kan wani.

"Yaushe rabon a share nan?"

"Mako biyu," in ji Farfesa. "Ni na hana. Akwai wata 'yar tsoka a saman ƙoda da ke zuba wani sinadari cikin jini idan dabba ta firgita. Shi muke aunawa. Ƙarar tsintsiya kaɗai ta isa ta tayar da shi, shi ya sa in an kusa ɗibar jini ba shara, ba baƙuwar fuska. Mu huɗu ke shiga. Ni, Sarkin Ɓera, ɗalibina Dogo, sai 'yarka Auta mai yi musu allura."

"To maganin me yake yi wa wannan sinadarin?"

"Danne shi yake yi. A hankali tsokar ta zama malalaciya, ta bar wa magani aikin. Ka tafa hannu a kansu, da kyar su ɗaga kai."

Kejin hawa biyu ne, sha biyu a sama, sha biyu a ƙasa. Na sama suna kwance luf, ido rabi a rufe, dusarsu a shimfiɗe lumui. Mai-sawu ya durƙusa da kyar ya leƙa na ƙasa. Duk bakwai ɗin daga nan aka kwashe su. Biyar da suka rage sun rame, gashi a tsaye, haƙora na kaɗawa, jiki na girgiza kamar kare ya fito daga ruwa. Dusar an tone ta har ƙasa, ga zawo ko'ina, ga tabon haƙori a jikin ƙarfe.

"Abincin na sama da na ƙasa daban ne?"

"Bokiti ɗaya ne. Kwalbar maganinsu ce dai daban, kowane hawa da tasa. Na duba, suna nan daidai yadda ya kamata."

Ya jinjina kai. Guba mai zaɓen hawa, bai taɓa jin irinta ba.

* * *

An zaunar da Sarkin Ɓera a ɗakin ajiyar abinci, a kan buhu, hula a hannu. Ya tsufa shekara goma a safiya ɗaya.

"Mai-sawu, ka zo ganin ɓarawon ne?"

"Na zo ganin mai rowar nan da ke cinye min nama a kwano. Maganin ɓeran na mene ne?"

Dattijon ya nuna gindin buhunan, inda aka yi wa ɗaya huda. "Na gayyar soɗi ne, ɓerayen waje. Su nake sa wa. Na faɗa, ba mai ji."

"Faɗanka da Farfesa fa?"

"Ce mata na yi na ƙasa ba su da lafiya. Kwana goma ke nan sun ƙi abinci, da na miƙa hannu sai cizo. Ta ce in tsaya a bokitina, ita ta san takardunta. Ni kuma na ɗaga murya, ban kyauta ba." Ya share ido da hular. "Wallahi ko jikokina ba na tashi dominsu kamar yadda nake tashi domin dabbobin nan. In aka fita da ni da ankwa a gaban mutane, da wane ido zan koma gida?"

"Kwana goma ka ce?"

"Goma, ko sha ɗaya."

Mai-sawu ya dafa kafaɗarsa. "In dai ƙasa ba ta yi ƙarya ba, a gidanka za ka kwana. Na yi maka alkawari."

Da ya san abin da wannan alkawarin zai ci masa, da ya tauna shi kafin ya furta.

* * *

Sawun Dogo ba ya ɓuya, taku mai faɗi, dunduniya na nutsewa. Ya gan shi sau da yawa ya bar kejin ya nufi taga, inda ba shi da aikin yi. Ya same shi a ɗakin aune-aune ya zuba wa kwamfuta ido.

"Ɗana, me kake miƙawa ta taga?"

Dogo ya yi tsuru-tsuru. Ya ce iska yake sha. Mai-sawu ya zaro guntun taba daga aljihu, wanda ya tsinto a waje gindin tagar, ya ajiye a kan tebur.

"Don Allah Baba kar Farfesa ta ji, korata za ta yi. Kaina nake fitarwa waje in busa, hayaƙin ba ya shiga."

"Hayaƙinka ba zai kashe na ƙasa ya bar na sama ba. Amma idonka ya nuna akwai saura. Faɗi."

Dogo ya waiga ƙofa, ya rage murya. "Makon jiya na ɗan ɗebi jinin na ƙasa don gwaji. Sinadarin nan da ya kamata ya kwanta, sai na ga ya yi sama, ya ninka na lafiyayye sau da yawa. Na ɗauka ni na kwafsa, sai na ɓoye takardar."

"Me ke sa shi ya yi sama haka?"

"Abu ɗaya na sani. In an yanke musu maganin farat ɗaya. Jikin da ya manta yadda ake riƙe kansa sai ya rikice gaba ɗaya. Zawo, makyarkyata, ƙin abinci. Tsofaffi irin waɗannan ba duka za su kai ba. Amma ba zai yiwu ba, Baba. A gabana ake yi musu allura."

"Ka ga allura," in ji Mai-sawu. "Ka ga abin da ke cikinta?"



Mai-sawu ya fito yana jan sanda. Ya ga dabbobin da suka ci guba a daji, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ruwa suke nema, su kwanta a bakinsa su mutu. Waɗannan ruwansu na nan cike, tona suke yi suna neman wani abin da aka ɗauke musu.

A lungu ya hango Auta tana wanke kwanonin aiki, da filasta a babban yatsa. Ta yi masa murmushin gajiya.

"Baba, ka karya kuwa?"

"Na karya. Me ya sami yatsan?"

"Ɗaya ne ya cije ni."

Ya wuce. Cikin mutum huɗu ita kaɗai ce bai zaunar ya yi wa tambaya ba, kuma ya san bai yi daidai ba.

* * *

Ya koma ɗakin shi kaɗai. Ya kashe fitilar sama, ya kwantar da tocila a ƙasa yadda haske zai bi siminti a kaikaice, ya bi da rarrafe.

Ga sawun Sarkin Ɓera, ƙafar dama ta fi nauyi saboda bokiti, daga ƙofa zuwa keji, daga keji zuwa ƙofa, bai taɓa kusantar firjin magani ba. Ga na Farfesa, gajere mai sauri. Ga na Auta, ƙaramar ƙafa cikin babban takalmi, tana ɗan jan dunduniya. Sawunta na ƙasa-ƙasa, tsofaffin, hanyarsu ɗaya: ƙofa, firji, keji. Amma sababbin da suka hau kansu sun sake hanya. Daga firji sai su zagaya bayansa, wani ɗan lungu da ba a hango shi daga gilashin ƙofa, inda famfo yake.

Ya cusa kansa lungun. Duk wanda ya tsaya yana aiki sawu biyu yake bari, kafaɗa da kafaɗa. A nan ƙafar dama ce kaɗai, a nutse, an tsaya a kanta an daɗe. Ta hagu babu, sai ɗan burbushin farin magani da ya zubo daga sama, inda aka goga takalmi a ƙwauri. Ya ƙirga ƙafar daman nan, wata kan wata, har goma.

 Tun Auta tana shekara huɗu, ranar da ta fasa madubin uwarta ta ce kyanwa ce, haka take tsayawa in tana aikata abin da zuciyarta ba ta so: ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya tana susar ƙwauri. Uwarta har zalɓe take kiranta don tsokana.

Ya miƙe. Ba kowa a ɗakin sai ɓeraye. Goga ɗaya da tafin takalmi ta isa, kuma duk cibiyar nan ba mai idon da zai gane an taɓa wurin. Ya ɗaga ƙafar. Ta tsaya a sama, har gwiwar ta fara yi masa zogi. Sai ya mayar da ita inda ya ɗauko ta, ya fita ya ja ƙofa.

* * *

Gidansu yana bayan katangar cibiyar, ɗaki biyu da tsakar gida. Shekara guda ke nan ciwon daji ya kwantar da matarsa, har ya shiga ƙashi. Watanni uku da suka wuce maƙwabta sun daina kallon idonsa saboda kukan da suke ji ta katanga. Asibiti sun ce maganin da zai iya da wannan zafin ya yanke, a yi ta dawowa ana dubawa.

Ya same ta zaune, ta jingina da filo, tana tsefe kanta da kanta.

"Baban Auta, yau da wuri? Zauna mana. Ka ga har na cinye abin da Auta ta bar min."

Ya zauna a bakin gado. "Allurar nan da take yi miki, a ina ta ce ta samo?"

"Asibiti mana, ta ce an kawo. Kwana goma ke nan ina barci kamar mutum." Ta yi 'yar dariya. "Kai ma ai ka samu kana minshari. Allah dai ya yi wa yarinyar nan albarka."

"Amin."

Ya tuna yadda ya yi ta godiya a ransa, bai tambaya ba ko sau ɗaya. Shi da yake gane ɓarawo daga karyewar ciyawa, abu a ƙarƙashin rufinsa ya ƙi gani, don ba ya so ya gani. Kunya ta kama shi, tsoro ya biyo baya. Gaba kura, baya sayaki.

"Lafiya kake kallona haka?"

"Lafiya lau. Kin yi kyau ne."

"Ji tsoho da zance," ta ce, ta ci gaba da tsifarta.

* * *

Ƙarfe huɗu Sufeto ya iso, mutum mai ƙiba da gajen haƙuri. Aka taru a lungun da ke gaban ɗakin ɓerayen: Farfesa, Dogo, Sarkin Ɓera da hularsa a hannu, Auta a jikin bango. Masu shara suka cika taga.

"An ce kai ne mai duba," in ji Sufeto. "Yi sauri, ina da wani wurin."

Mai-sawu ya yi magana a hankali, idonsa a ƙasa. Ya ce ba guba ba ce, don bokiti ɗaya ne kuma na sama suna nan garau. Ya ce sawun Sarkin Ɓera bai taɓa zuwa kusa da firji ba. Ya ce Dogo yana da nasa laifin, amma tsakaninsa da Farfesa ne. Sannan ya ce a ɗauko kwalbar na ƙasa a auna, za a tarar ruwan famfo ne zalla.

"Kwana goma ana zuƙe maganin ana cika kwalbar da ruwa, a bayan firji. Ba kashe su aka yi niyya ba. Hana su aka yi."

Farfesa ta dafe kai. "Innalillahi. Sarkin Ɓera ya gaya min ranar Alhamis, na ƙi ji."

"To wa ya yi?" in ji Sufeto. "Kowa takalmi iri ɗaya."

  Mai-sawu ya ɗago ido, bai so ba, ya dubi bango. Auta na tsaye a kan ƙafar dama, ta hagu tana susar ƙwauri.

"Na san ƙafar," ya ce. "Ni na saya mata takalminta na farko."

Wata mai shara ta yi salati a taga. Sarkin Ɓera ya saki hularsa ta faɗi.

Auta ta sauke ƙafar. Ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi yi masa ciwo.

"Ni ce, ranki ya daɗe. Kullum da hannuna nake ba ɓera abin da uwata ke roƙon Allah ya ba ta ko ya ɗauki ranta. Na ce na ƙasa kawai zan taɓa, na ce kwana biyu ne. Na san abin da zai same su, ni na fi kowa sani." Ta juya wajen Sarkin Ɓera. "Kawu, ka yafe min. Tun safe nake so in faɗa, in na tuna allurar uwata ta yamma sai bakina ya mutu."

Dattijon ya kama hannun Sufeto. "Ranka ya daɗe, a bar maganar. Ni na yafe, ɓeraye ne fa."

"Da ɓeraye ne kawai da na bari, Baba. Wannan maganin doka ke tsare da shi, ko Farfesa ba ta isa ta ce a bari ba." Muryarsa ta yi laushi. "Ba zan sa mata ankwa ba. Muje."

Mai-sawu ya matsa kusa da Farfesa. "Abin da ya sami na ƙasa, yana samun mutum?"

Ta kasa kallonsa. "Kwana goma ba wata tara ba ne, ba zai kai haka ba. Amma za ta ji jiki, kuma ciwon zai dawo da ƙarfinsa. Zan kira duk likitan da na sani, Baba. Sai dai ba na jin za a samu yau."

"A nan fa? Ga shi cike da firji."

"An rufe firjin," in ji Sufeto. "Shaida ce yanzu."

A bakin mota Auta ta tsaya. Ya ɗauka za ta zage shi, kuma da ya fi son haka.

"Baba, ka juya uwata ɓangaren hagu, nan ya fi mata sauƙi. In ta fara zufa ka jiƙa tsumma. Kar ka gaya mata yau."

"Auta..."

"Da ka goge sawun da ban sake iya kallonka ba. Amma da ka bar ni zuwa gobe."

Motar ta tashi.

* * *

Rana ta yi ja lokacin da ya shiga gida. Sarkin Ɓera ya rako shi har ƙofa, ya tsaya a waje ya kasa shiga, ya kasa tafiya.

Matarsa ta riga ta naɗe hannun rigarta, ta ajiye auduga a kan filo. Tana hamma, tana murza ƙugu a hankali.

"Baban Auta, ƙarfe nawa? Yarinyar nan ba ta saba makara ba. Ya fara taɓa ni kaɗan-kaɗan."

"Aiki ya riƙe ta."

"To leƙa min ko tana tafe."

Ya fita ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hanyar da ya san ba kowa a kanta, ya ƙirga ɗari, ya dawo. Ya ɗebo ruwa a kwano, ya jiƙa tsumma, ya juya ta ɓangaren hagu. Ta kama hannunsa ta matse, ta daɗe tana kallon fuskarsa. Shekara arba'in ke nan bai taɓa iya ɓoye mata komai ba.

"Sawun wa ka bi yau?" ta ce.